Mai Ba da Shawara Ya Fara Neman Shawara

Duk majon da ya taɓa riƙe likitar ƙauye a gundumar Dakoro ya san irin wannan mata. Ta zo da ciwon kai, a ba ta ƙwaya ta tafi. Bayan sati biyu ta dawo, yanzu ƙirji ne ya yi mata nauyi, gabanta na faɗuwa ba dalili, barci ya ƙi zuwa sai an kusa kiran asalatu. A gwada ta, babu zazzaɓin sauro. A auna jini, bai hau ba. A sake ba ta ƙwaya. Abin da ba ya shiga kundin majo shi ne maigidanta ya tafi cin rani Libiya damina uku ke nan babu aike babu waya, ko kuwa ta binne yaro a lokacin da rumbu ya ƙare, kuma tun ranar uwar miji ke mata kallon mai sakaci. Ba ta faɗa ba don ba a tambaye ta ba. Ko da an tambaya, ba za ta buɗe baki ba alhali maƙwabciyarta na tsaye a bakin ƙofa da katin awo a hannu.

Irin waɗannan mutane ne aka ce mashawarta za su taimaka wa, wato ma'aikatan da aka horar su zauna da mai damuwa su yi ta magana da shi har nauyin ya ragu. A jahar Maradi an fi jin ɗuriyarsu tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako iyaka daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka sauke su a ƙauyukan Gidan Rumji, daga baya aka mai da wasu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƙungiyoyin agaji sun zo da buhunan abinci, sun kuma zo da samari da ƴan mata masu takardar ilimin halayyar ɗan Adam. Ɗan Gulbi, da ke kudancin Dakoro, ko ba gudun hijira tana da nata rabon na fari da bashi da mutuwar yara da matasan da tiramol ya cinye. Ina maraba da wannan aiki. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƴan ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai, kuma jin sunan Pavillon E na babban asibitin ƙasa kaɗai ya isa ya sa dangi su ɓoye mara lafiyarsu a ƙuryar ɗaki.

Amma akwai abin da ya kamata mai wannan aiki ya sa a ransa tun kafin ya sauko daga motar furoje: shi ne na ƙarshe a layi. Kafin mai damuwa ta zo gabansa ta bi ta hannun uwarta da gwaggonta. Malam ya yi mata rubutu ta sha, wataƙila an kai ta wajen mai ruƙiyya, an yi mata hayaƙi, wataƙila ma wata tsohuwa ta raka ta gidan ƴan bori da dare ba da sanin maigida ba. Kowannensu ya ba ciwon suna, ya faɗi sanadinsa, ita kuma ta ɗauki wani abu daga bakin kowa. Wanda ya zo bayan duk waɗannan da takardar tambayoyi a hannu, yana ganin daga kansa za a fara, ya yi ɓatan kai tun bai zauna ba.

A 1998 wasu likitocin yara biyu a jihar Kaliforniya ta Amurka, Melanie Tervalon da Jann Murray-García, suka rubuta wata maƙala da ta sauya yadda ake koyar da wannan fanni. Abin yayi a lokacin shi ne a tara ma'aikatan asibiti a karanta musu halayen ƙabilu, su wane haka suke, su wane kuma haka, a ba su shaidar cewa sun ƙware a al'adun mutane. Matan biyu suka ce wannan ƙwarewa ruɗi ce. Suka kawo labarin wata nas da ta ƙi kula nishin wata mata ƴar asalin Latin Amurka bayan tiyata, don an koya mata a kwas cewa mutanen yankin suna zuzuta ciwo. Ilimin da aka ba ta don ta fahimci mara lafiya shi ya toshe mata kunne. Abin da suka nema a madadin haka shi ne tawali'u: ma'aikaci ya riƙa binciken kansa har ya bar aiki, ya san cewa a ɗakin nan shi ke da ƙarfi ya kuma rage wa ƙarfin kaifi, hukumar da ta aiko shi ita ma ta yarda jama'a su tuhume ta.

Mu a nan kwas ɗin juye yake. An rubuta, an maimaita, cewa Bahaushiya mai kunya ce, mai haƙuri, ba ta kuka ko a kan gwiwa. Akwai gaskiya a ciki. Anthony Kirk-Greene tun 1974 ya lissafa haƙuri da kunya cikin siffofin mutumin kirki a wajen Bahaushe, kuma kowa ya san yarinyar da ta yi ihu a haihuwar fari za ta sha gori. Sai dai wanda ya haddace wannan yakan ga mace ta yi shiru ya rubuta cewa ta dangana. Wata ta dangana ɗin. Wata kuwa rabonta da abincin kirki tun ranar sadakar bakwai.

Bature ko baƙon wata ƙasa da sauƙi, don ya san bai sani ba, dole ya nemi tafinta, dole ya yi tambaya. Wanda na fi ji wa tsoro ɗan gida ne, ɗan Maradi ko Tasawa da ya yi lakkol, ya wuce Jami'ar Abdou Moumouni ya yi karatunsa da Faransanci, ya dawo da Hausa a bakinsa yana ganin ba abin da za a faɗa masa game da mutanensa. Hausarsa ta gaske ce. Amma rabonsa da kwana a ɗakin kara tun yana yaro, bai taɓa jinginar da gona ba, bai san abin da magidanci ke ji ba idan ya leƙa rumbu a tsakiyar damina ya ga ƙasa. Ya kuma taso cikin tsarin da ya koya masa, ko ba a furta ba, cewa ƙauyanci wani ciwo ne. Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun fitar da bincike a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, ciki har da Yamai, suka nuna yadda mara lafiyar da ba shi da kowa a asibiti yake rasa gaisuwa, ya rasa bayani, wani lokaci ya sha tsawa. Masu yin hakan ƴan ƙasa ne, harshensu ɗaya da marasa lafiyar. Binciken kai da Tervalon da Murray-García suka nema daga nan yake farawa. Wa nake saurin gaskatawa, mai takalmi da agogo ko mai faso a dunduniya? Wa nake miƙa wa kujera, wa nake bari a tsaye?

Mutanen Dakoro sun ɗanɗana wannan a yunwar 2005. Ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta buɗe cibiyoyi a Maradi da Dakoro, kuma a shekarar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Aikin ceton rai ne, ba mai musu. Amma a gefe guda wani bayani ya yi ta yawo a ofisoshi, na gwamnati da na masu agaji, cewa laifin na iyaye mata ne: jahilci, rashin iya ciyar da yaro, al'ada. Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana nazarin tarihin Maradi, ta yi rubutu ta ƙalubalanci wannan, ta ja hankali ga yadda gona ke ƙwace wa mata a kudancin jahar da yadda ƙarfinsu kan abincin gida ya ragu. Uwar da ta sha wa'azin sakaci a layin awo a waccan shekara ita ce kaka a yau. Idan wani mai rigar ƙungiya ya ce ta faɗa masa abin da ke ranta, tana da hujjar yin shiru.

To yaya ake shiga? Da sallama, kamar kowane gida. Littafin horo yakan ce a zauna fuska da fuska, a haɗa ido, a tambayi mutum abin da yake ji a ransa. A Ɗan Gulbi matar auren da ta kafe baƙon namiji da ido ta jawo wa kanta magana, saurayin da ya kalli dattijo tsakar ido kuwa mara tarbiyya ne. Sunkuyar da kai ladabi ne, kada a rubuta shi cikin alamomin ciwo. Doguwar gaisuwa ma aiki ce: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina ruwa. Kowa zai ce lafiya lau, amma mai kunne yana jin inda murya ta sauka, kuma nan zai koma idan an ɗan jima. Mace ba za ta kama sunan maigidanta ba, ba za ta kama sunan ɗan farinta ba ko da shi ne ya rasu. Za ta ce "yaron nan" ko "wancan", kuma wanda ya matsa sai ta faɗi suna don ya cike gurbi a takarda ya rufe ƙofar da hannunsa. Da yawa sukan fara da labarin wata: akwai wata ƙawata da mijinta ke yi mata kaza. A bar ƙawar ta zauna a tsakani har ranar da mai labarin ta ga dama ta sallame ta.

Arthur Kleinman, likitan ƙwaƙwalwa da ya daɗe yana koyarwa a Harvard, tun ƙarshen shekarun 1970 ya shawarci likitoci su tambayi mara lafiya yadda shi yake ganin ciwonsa kafin su faɗi nasu ganin. A bakin ɗan Gobir abin ba shi da wuya: "Inna, ke a ganinki mi ya kawo wannan? Mi ya faru a gida lokacin da ya fara? Wa kika nuna ma, mi ya ce? Mi kika fi tsoro?" Amsar na iya zama sammu, ko iska, ko bakin mutane, ko "tunani ne ya yi mini yawa", ko kuma "wallahi ɗana ban sani ba, ni dai in samu barci." Kada a raina wannan ta ƙarshen. Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi, ya nuna a 1981 cewa mutane da yawa ba su da wani tsararren bayani kan ciwonsu, ba su ma damu su samu ba, suna bin duk ƙofar da ake sa ran sauƙi ne. Mai cewa "Hausawa sun yi imani da kaza" yana maganar mutumin cikin littafi. A kasuwa ɗaya akwai Bahaushe manomi, akwai Bafulatani, akwai Buzu. A gida ɗaya akwai ɗan Izala da ke ganin laya shirka ce, ga uwarsa ta ɗaura wa jikanta ita a ƙarƙashin riga, ga kuma Inna ta Gobir can a Tsibiri, wadda ƴan bori ke ƙarƙashin sarautarta tun kaka da kakanni.

Sai tambayar da kowane mashawarci zai ci karo da ita tun satinsa na farko: idan aka ce aljanu ne fa? Hanyoyi biyu aka fi bi, kuma duka ba su yi mini ba. Wani ya yi murmushin nan na ƴan boko ya ce babu wani aljani, ƙwaƙwalwa ce. Mara lafiya da danginsa ba za su dawo ba, kuma kafin la'asar gari ya ji cewa sabon likita ba shi da imani. Wani kuma, don a so shi, ya gyaɗa kai ya ce lallai iska ce, ya bar yarinya mai farfaɗiya ta koma gida hannu rabbana har ranar da za ta faɗa murhu, alhali ƙwayar fenobarbital mai arha ce kuma tana tsayar wa da yawa faɗuwar. Ba a ɗauke shi aiki don ya yanke hukunci kan gaibu ba. Zai iya cewa, "Baba, abin da ke ɓoye Allah ya bar wa kansa sani, addu'a kuma a ci gaba da ita. Ni abin da na sani, irin wannan faɗuwa tana da magani, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta ƙwaryar sha. Mu haɗa biyun mu gani nan da wata guda." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ci mutuncin kowa ba.

Haka nan idan aka ce wa mai baƙin ciki rashin tawakkali ne ke damunsa. Wannan magana tana kashe mutum a tsaye, kuma ba sai an je Turai neman amsarta ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana son magani. Limamin da aka zauna da shi aka yi wannan hira cikin girmamawa, huɗubarsa ɗaya ta fi taron wayar da kai goma.

Yanzu ga inda nake rabuwa da wasu masu wa'azin girmama al'ada. Tawali'un nan, wa ake yi wa shi? Idan mashawarci ya shiga gari, masu tarbarsa su ce masa "mu al'adarmu kaza ce" su ne maigari da liman da masu gida. Ba laifi, ta ƙofarsu ake shiga. Amma yarinyar da aka aurar tana da shekara 14, ta yi doguwar naƙuda ta samu yoyon fitsari, aka kai ta asibitin Danja da aka buɗe don irinta a 2012, ta dawo ta tarar da takardar saki, ita ma ƴar al'adar ce, kuma ba ta cikin masu tarbar baƙo. Alƙaluman UNICEF sun ce 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su kai 18, jahar Maradi kuwa ta ɗara haka. Kafin irin wannan yarinya ta zo, kowa a gidansu ya riga ya ce mata ta yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai daraja, shi ya riƙe mutanen nan a shekarun da babu gwamnati babu ƙungiya. Amma akwai haƙurin da mutum ke yi, akwai wanda ake ɗora masa don masu ɗorawar su huta. Mashawarcin da ya zama na goma da ya ce mata "sai haƙuri", wai don kada ya taɓa al'ada, ya durƙusa wa masu ƙarfi ne ya bar wadda aka aiko shi dominta.

Nan ne maganar sirri ke da wuya. Mace ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, miji ko ƙaninsa ko uwar miji na biye. Korarsu wauta ce, don su za su biya kuɗin mota, su za su tuna mata da magani, kuma a wajenmu ciwon mutum ɗaya na gida ne duka. Sai dai idan aka bar su suna amsa kowace tambaya a madadinta, an yi zaman banza. A karɓe su da mutunci, a saurare su har su gama, sannan a nemi alfarma: "Alhaji, a ba mu ita minti kaɗan ni da ungozoma, akwai tambayoyi na mata." Abin da ta faɗa a nan kuma ya mutu a nan. A garin da kowa ya san kakan kowa, magana ɗaya da ta fita ta isa ta kashe aure, ta kuma kashe aikin baki ɗaya.

Akwai kuma inda babu sassauci, wato mari da duka. A Satumban 2019 ƴan sandan Kaduna suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawa da sarƙa a ƙafa, bayan ƴan makonni aka sake ganin irinsa a Daura. Rahoton Human Rights Watch na 2020 ya samu ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Mu ba sai mun karanta rahoto ba, duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya taɓa ganin wanda aka sa wa turu. Iyalan da ke yin haka galibi gajiya ce ta kai su, suna tsoron ya faɗa rijiya ko ya ji wa wani, ga Maradi da nisa, ga kuɗin mota. Fahimtar dalilinsu wajibi ne, don da ita za a san abin da za a ba su a madadin sarƙar. Amma sarƙar sai ta fita.

An kuwa gwada, an ga ana iya wannan ba tare da an ja daga da masu maganin gargajiya ba. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowane da ɗan uwansa mai jinya, yana kuma aiki da masu maganin Yarbawa, abin da abokan aikinsa da dama suka ga kamar zubar da girman boko ne. Mutumin daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 Oye Gureje da abokansa suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Lancet, kan marasa lafiya kimanin 300 a Ibadan da Kumasi. Inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajen masu maganin gargajiya da na addini suna duba marasa lafiya tare da su, an fi samun sauƙi bayan wata shida fiye da inda aka bar kowa da nasa. Malamin da ake zuwa wajensa a matsayin abokin aiki yakan saurari maganar cire mari. Wanda aka zo wa da kyamara da ƴan sanda sai ya mai da ɗakin can bayan gari.

A Zimbabuwe kuma Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, zama shida kowane mutum. A gwajin da aka buga a 2016, kan mutum 573, bayan wata shida kimanin 14 cikin 100 ne na waɗanda suka zauna da tsofaffin ke da sauran alamun ciwon damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. Wannan ba zai ba ɗan Maradi mamaki ba. Yarinya ba ta iya faɗa wa uwarta, amma kaka abokiyar wasa ce, cikin tsokana ake gaya mata abin da ba ya faɗuwa. Kuma a jahar nan aka haifi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon CARE, waɗanda yau ake kwaikwayo a ƙasashe da yawa. Mata na haɗuwa duk sati don zubin asusu, amma duk wadda ta taɓa zama a tabarmar ta san ba kuɗi kaɗai ake zubawa ba. Wurin sauraro yana nan, tun kafin a zo da sunansa daga waje. Abin lura kawai, Harare birni ne, tsohuwar benci ba lallai ta san dangin mai magana ba. A ƙauye tana iya zama gwaggon kishiya. Saboda haka zaɓen wadda za a horar bai kamata ya tsaya a zauren maigari ba, matan da za su kai mata kukansu su ya kamata a tambaya wa suka yarda da cikinta.

Saura hukumomi, waɗanda suka fi kowa son a yi maganar tawali'u a tsaya kan ƙaramin ma'aikaci. Furoje yakan zo da wa'adin shekara ɗaya ko biyu. Ana auna nasararsa da yawan zaman da aka yi, don haka yaron da aka aiko yana sauri ya cike adadi, da takardun Faransanci da yake fassarawa a tsaye, duk da cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Mafi muni shi ne a sa mutum ya tono abin da ya binne, ranar da aka kashe mijinta a gabanta, daren da aka ɗauke ɗiyarsa, sannan a rufe littafi a ce sai wani jiƙon. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta ta yi gargaɗi kan zama ɗaya tak da ake matsa wa wanda bala'i ya faɗa wa ya ba da labarinsa daki-daki. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma wanda ya san hantsi na ɗagawa zai bushe bai kamata ya buɗe ciwon da ba zai tsaya ya ɗaure ba.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali su kuma yi musu magani a ƙananan asibitoci. Majo da ungozoma su ne masu zama, su ya kamata a horar, a ba su wanda za su kira a waya a Maradi idan abu ya fi ƙarfinsu, a kuma tabbatar maganin ba ya yankewa a kanta, don mai farfaɗiyar da aka fara wa ƙwaya aka katse masa ita kwatsam yana iya shiga haɗarin da ya fi na da. A riƙa aika wani daban, wanda ba mashawarcin ba, ya tambayi waɗanda aka gani, da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, ko an gaishe su, ko an bar su sun gama magana, ko sirrinsu ya fita. Kafin kuma a sa hannu kan sabon furoje, hukumar komin ɗin Ɗan Gulbi tana da haƙƙin ta tambaya wa zai ci gaba da ganin waɗannan mutane, kuma da kuɗin wa, daga ranar da wa'adi ya cika.